Aikin bafar jitar Hawayi ta wani dattijo daga Yelwa

Litinin, 4 ga Maris 2024

Yau da hantsi wani dattijo daga Yelwa ya sauke min kaya a shago, keke napep guda ya cika: amfi (akwatin ƙara sauti mai lasifika), fedal na bolum (wanda ake takawa a ƙara sauti ko a rage), wayoyi cikin leda, sai wata jita da ba kullum ake ganin irinta a Bauchi ba, wacce ake kwantarwa a kan cinya ko kan ƙafafunta, ba a danna tsirkiyarta da yatsa sai dai a riƙa zamar da wani guntun ƙarfe mai santsi a kai. Tsirkiya 8 gareta. Mu nan jitar Hawayi muke ce mata don daga can ta fito, wani Joseph Kekuku ake jingina wa farkon kaɗa ta haka a ƙarshen ƙarni na 19, kuma a 1932 kamfanin da yanzu ake kira Rickenbacker ya fara sayar da mai amfani da lantarki. Wanda ya taɓa jin kiɗan King Sunny Ade ya ji babbar ƴar'uwarta mai fedaloli a hannun Demola Adepoju. Wanda bai taɓa ji ba ya tuna yadda goge yake jan murya daga wannan sauti zuwa wancan ba tare da ya yanke ba, to kusan haka take.

A cocinsu yake kaɗawa, kuma yana so kafin Ista komai ya dawo daidai. Kukansa shine sautin yana ɓarɓarewa in ya taɓa manyan tsirkiyu, wani lokaci ya ɗauke gaba ɗaya ya dawo da kansa, ga ƙas ƙas. An riga an ce mishi amfi ne ya mutu ya nemi sabo. Nace Baba a bari mu bi layin ɗaya bayan ɗaya tukunna, kar a yanke wa amfi hukunci ba a ji ta bakinsa ba.

Na jona jitar kai tsaye cikin amfi da gajeriyar waya, sauti tas. Na sa fedal a tsakani, yana aiki, sai dai murya tana ɗan dushewa in fedal na tsakiya. Sai ga wani ɗan akwatin ƙarfe da yake maƙalawa a ƙafar jitar, bai kai fakitin ashana biyu ba, ina sa shi a layin duk abinda Baba ya faɗa ya bayyana. Toh amfi dai ya kuɓuta. Akwatin nan shi ake kira bafa, ita zan buɗe.

Laraba, 6 ga Maris

Kafin in faɗi abinda na gani bari in yi bayanin bafar nan don abokan sana'a da yawa in sun ganta cewa suke ai ba ta komai, tunda ba ta ƙara ƙara, ba ta da maɓalli ko ɗaya, a cire ta a huta. Gaskiya ne ba ta ƙara ƙara, abinda ya shiga shi ke fita daidai wa daida. Amma fikof ɗin irin wannan jita, wato abinda ke ɗaukar motsin tsirkiya ya mai da shi sigina, naɗin waya ne mai yawan gaske siririya kaman gashi, na sa mita na samu turjiyarsa wajen 17K, wato om dubu 17, alhali ta jita gama gari za ka samu 6K zuwa 8K. Siginar da ke fitowa daga irin wannan naɗi ba ta da ƙarfin ɗaukar kaya, duk abinda ka rataya mata sai ya canza mata murya: wayar jita kanta kowace mita ɗaya tana da kafasitans wajen 100pF wanda ke shanye siraran sautuka, ga fot ɗin fedal na 500K, wato resistar da ke juyawa tana ƙara sauti ko ragewa, ga bakin amfi, kuma nauyin da fikof ke ji yana canzawa duk lokacin da ƙafa ta motsa fedal. Mai kaɗa jitar Hawayi kuwa ƙafarsa ba ta sauka daga fedal, da shi yake jan sautin ya daɗe. Aikin bafa shine ta tsaya dab da jitar, ta gaban fikof ta zama mara nauyi, ta baya kuma ta fitar da sigina mai ƙwari da waya da fot ba za su iya lanƙwasawa ba. Shikenan aikinta, amma in ka cire ta mai kunne zai gane nan take.

Na kwance sukurori. Batir 9V ɗin ciki ya kumbura ya yi zuba, kan maɓallin batir duk ya zama kore da fari, ruwan ya gangara ya kwanta a gefen fanel, wato allon da kayan ke kai. IC ɗin, wato ɗan guntun mai ƙafa 8 da ke yin aikin, TL072 ce guda ɗaya, da ƴan resista da kondensa. Na sa sabon batir ta kilif na auna. Ƙafa ta 8 tana samun 9V lafiya. Ƙafa ta 1, wato mafita, ya kamata ta zauna a rabi, 4.5V, don siginar ta samu filin hawa da sauka daidai, amma abinda na gani bai kai 2V ba kuma yana yawo. Ga dalilin ɓarɓarewa nan, manyan tsirkiyu su ke da sigina mafi girma, suna sauka ƙasa sai su bugi bango a yanke musu gindi. Na koma wajen resista biyun da ke raba wutar gida biyu, nan ma ƙasa yake, kondensar da ke tare da su ce nake zargi tana yoyo.

Asabar, 9 ga Maris

Na wanke fanel da sifirit da tsohon buroshi, na cire kondensa mai ruwa duka na sa sababbi. Zafin garin nan na Maris da Afrilu da ke kai 40 ba ya barin irin waɗannan kondensa su yi tsawon rai, ballantana akwatin ƙarfe da ake bari a ɗakin kwano. Rabin wuta ya dawo 4.5V, ɓarɓarewa ta ragu sosai. Amma in ka ƙwanƙwasa akwatin da yatsa sauti na ɗaukewa, kuma akwai wani shuuu da bai kamata ba. Da na ɗaga fanel a hasken rana na ga layukan tagulla guda biyu ruwan batir ya cinye su har sun zama kaman zare, ɗaya ina kai mishi ayon ɗin dalma ya ɗago.

Abinda ya fi damuna, IC tana ɗumi. TL072 a irin wannan aiki ba ta da dalilin ɗumi, wajen 3mA take ja. Na sa mita a layin batir na ga tana jan ninkin haka sau da yawa. Na kira Baba a waya nace Baba ko an taɓa sa wa akwatin nan wata wuta ba batir ba? Ya yi shiru kaɗan sannan yace ɗana akwai ranar da batir ya ƙare ana tsakiyar sujada, wani yaro cikin mawaƙa ya zare adaftar kibod ya cusa a ramin gefe, bai yi ba suka cire. Toh an zo wajen. Ƙananan akwatunan jita yawancinsu 9V suke so kuma tsakiyar filogi nagetif, adaftar kibod da yawa 12V ce tsakiya fozitif, baki ɗaya ne yana shiga lafiya amma wutar a juye take. Fanel ɗin nan ba diyod ɗin kariya, mai hana wuta shiga a juye, ko ɗaya. IC ba ta mutu a take ba, ta ji ciwo ne ta ci gaba da aiki tana zuƙe batir, batir ya mutu da wuri aka bar shi a ciki ya yi zuba, zubar ta ci fanel. Abu ɗaya ya jawo ɗaya.

Dan Allah masu kula da kayan sauti a coci da masallaci da wajen biki, ku riƙa duba ɗan zanen da ke jikin adafta kafin ku cusa, shiga rami ba shi ne dacewa ba.

Talata, 12 ga Maris

Jiya aka ɗauki azumi, aiki ya koma na safe da bayan tarawi. Baba ya leƙo, na nuna mishi fanel ɗin a tafin hannu nace zan iya ɗinke layukan da waya in sauya IC, zai yi aiki, amma ruwan batir ya riga ya shiga ƙarƙashin fentin, wata uku wata shida wani layin zai sake yankewa kuma ba zai yanke a shagona ba sai yana gaban jama'a. Shi kuma tunaninsa a yi odar sabuwa daga Amurka ta hannun wani ɗansa. Nace Baba dala ta haura naira 1,500, ga kuɗin aike, ga Ista saura ƙasa da sati uku, alhali abinda ke cikin akwatin nan kaf ba wanda babu shi a garin nan. A bar akwatin da jak ɗinsa, a gina sabon ciki. Yace in dai muryarta za ta dawo, yi yadda ka gani.

Na ɗan yi tunanin yin ta da tiransista JFET guda ɗaya irin su 2N5457, don ba ta jan wuta, batir zai daɗe ƙwarai. Matsalar samun na gaske ne, kuma ko na gasken kowace ɗaya da halinta sai ka zauna kana zaɓe kana canza resista. TL072 kuwa tana cike a cikin tsofaffin miksa, kuma ni na fi yarda da wacce zan ciro daga matacciyar miksa mai shekaru da wacce zan saya sabuwa fil a leda da rubutun da ke gogewa da yatsa. Akwai wata miksa a ƙarƙashin benci da wutar janareta ta ƙona mata tiransifoma tuntuni, daga nan yarona ya ciro min guda uku.

Asabar, 16 ga Maris

An gina. Ga yadda take ga mai son yi: ɗan guntun bero (allon nan mai huji huji), soket mai ƙafa 8 don gobe in IC ta samu matsala a zare kawai ba sai an kai ayon ba. Sigina daga jak ta bi ta resista 1K, ta bi kondensa 104, ta shiga ƙafa ta 3. Daga ƙafa ta 3 resista 1M zuwa rabin wuta, shi kuma rabin wutar resista 47K biyu ne da kondensa 47uF. Ƙafa ta 1 da ta 2 a haɗe. Mafita ta bi 10uF da resista 100 om zuwa jak, da 100K zuwa ƙasa don kar a ji fas in an jona. Ɗaya rabin IC ɗin da ba a amfani da shi kar a bar shi yana lilo, ƙafa ta 5 zuwa rabin wuta, 6 da 7 a haɗe. Sai abinda tsohuwar ba ta da shi, diyod 1N5817 a kan layin fozitif, yanzu ko wani yaron ya sake cusa adafta a juye ba abinda zai wuce. Nagetif ɗin batir na kai shi zoben jak ɗin shiga kaman yadda yake a da, wato sai an cusa waya take kunnuwa.

Yarona ya ɗauki ƙaramar mitar nan rawaya ya auna ƙafa ta 3 ya ɗago a firgice yace Oga 2.2 ne fa, wannan ma ta lalace. Nace auna ƙafa ta 1. Ya auna, ga rabin wuta cif. Wannan abin yana ruɗa mutane da yawa, irin wannan ƙaramar mita ita kanta cikinta 1M ne, in ka ɗora ta bayan resista 1M sai su raba wutar biyu ta nuna maka rabin gaskiya. Ba laifin da'irar bane. Na sa shi ya maimaita da babbar mita mai 10M ya ga ta nuna sama da 4, na ga abin ya zauna mishi. Jan wuta ya tsaya 3mA da ɗan kai, IC sanyi ƙalau.

Da dare an ɗauke wuta maƙwabci ya tada janareta, ina gwadawa sai ga huuum. In na taɓa jikin akwatin sai ya ƙaru, alamar akwatin bai haɗu da ƙasan da'ira ba kenan. Jak ɗin masu jikin roba ne, tsohon fanel ta sukurun da ke riƙe shi yake samun haɗin. Na kankare fenti a ciki na ɗaura waya da sukuru, ya yi shiru. Ɗan abinda ya rage na fikof ne, in ka juya jitar yana raguwa yana ƙaruwa, wannan halin fikof mai naɗi ɗaya ne, bafa ba ta da hannu a ciki.

Laraba, 20 ga Maris

Yau ce ranar da na fi koyon abu a aikin nan. Baba ya zo da la'asar, ya zauna a benci, ya ciro ƙarfen daga cikin wani tsohon hankici da ya naɗe shi, ya goge shi a gwiwar wandonsa, ya sa faratan ƙarfe biyu a yatsu da na roba a babban yatsa, ya cire takalmin dama ya ɗora ƙafa a fedal. Ya ja sauti ɗaya tun daga ƙasa har sama yana ɗan girgiza ƙarfen, mai shayin gefe da ke jera kofuna don shan ruwa har ya tsaya da kofi a hannu. Ba ɓarɓarewa, ba ƙas, ba ɗaukewa. Ni har na fara murna a raina.

Ya kaɗa kaman minti biyar sannan ya ɗora tafinsa kan tsirkiyun yace sannu da aiki ɗana, ciwon ya tafi, amma wannan ba muryarta bace, ta yi kaifi, tana soka kunne a sama. Ya rage tirebul a amfi ya sake gwadawa ya girgiza kai yace yanzu kuma ta toshe.

A mita komai daidai yake, amma mutumin da ya shekara da shekaru da kayansa a cinya in yace ba ita bace to ba ita bace, aikina in nemo inda bambancin yake. Na ɗauko tsohon fanel daga kwali na duba resistar da ke ƙafa ta 3: rawaya, shuni, rawaya, 470K. Ni 1M na sa don ita aka saba sawa a bafar jita. Wannan resistar ita ce nauyin da fikof ke ji, kuma naɗin fikof da ɗan kafasitans na waya suna da wani wuri a saman sauti da suke yin tozo, in nauyin ya yi sauƙi tozon ya yi tsini, in an ƙara nauyi ya kwanta. Maɓallin tirebul ba a wannan wurin yake yanka ba shi yasa bai biya mishi buƙata ba.

Maimakon in yi gardama ko in yi zato, na ɗauko kilif biyu na riƙa maƙala resista daban daban a bakin jak ɗin shiga, tsakanin sigina da ƙasa, ban gaya mishi wacce ce wacce ba, nace Baba kaɗa kawai ka gaya min. Da na ƙara 1M a kan ta ciki, jimla ta koma 500K, bai ma gama jan sautin ba yace tsaya nan. Na gwada wacce ta fi nauyi yace a'a ka wuce, koma ta ɗazu. Na koma. Ya yi ta kaɗa wata waƙar cocinsu a hankali har aka kusa kiran magariba, shi ya fara tsayawa yace je ka sha ruwa ɗana, gobe ma rana ce. Bayan tarawi na cire 1M na sa 470K.

Asabar, 23 ga Maris

Da bafa ta gyaru sai wani ƙaramin ciwo da hayaniyarta ta rufe ya fito fili, fedal yana ɗan ƙar ƙar in an taka a wajen farko. Na buɗe, ƙurar hunturu ta yi gado a ciki, igiyar da ke juya fot ɗin ta ɗan saki. Na fesa maganin wanke fot na yi ta juyawa, na ɗaure igiya. Ya yi sauƙi sosai amma fot ɗin ya tsufa, wurin da ƙafa ta fi zama ya cinye.

Akwai wani abu kuma da ya kamata in faɗa don kar a ɗauka bafa maganin komai ce. Ita tana gaban fedal ne, ta kare fikof, amma wayar da ke tashi daga fedal zuwa amfi tana bayanta. Fot na 500K in yana tsakiyar turjiyarsa, wayar tana ganin kusan 125K. Wayar Baba mita 6 ce, kusan 600pF kenan, in ka buga lissafi sama da 2kHz kaɗan sauti zai fara zubewa, wannan ce dushewar da na ji tun ranar farko. Hanya biyu ce. Ko a sauya fot zuwa 50K tunda yanzu bafa na iya tura shi, lissafin ya haura 20kHz matsala ta ƙare, kuma 50K ana samu ko'ina. Ko a bar 500K a gajarta waya. Illar ta farko, ran da batir ya mutu ya cire bafa ya jona kai tsaye, 50K zai danne fikof muryar ta mutu murus. Na yi wa Baba bayanin duka, yace shi ya fi son abinda ko batir ya ci amanarsa zai iya ƙarasa sujada. Na ga gaskiyarsa. Na yanka mishi waya mai kyau mita 2, lissafi ya koma wajen 6kHz, lasifikar amfin jita dama ba ta wuce nan da yawa, sai a matso da amfi kusa da shi a sa makirfo a gabansa in ana son kaiwa miksa.

Na rubuta da maka a cikin murfin: 9V, tsakiya nagetif, da kwanan wata. Na kuma ce mishi ya riƙa sayen alkalin, irin wannan jan wuta zai ba shi awa 150 ko kusa, masu arhan nan ba sa kaiwa ko kusa kuma su ne masu zuba. In an tashi a zare wayar shiga, in za a ajiye fiye da wata a cire batir ɗin gaba ɗaya.

Talata, 2 ga Afrilu

Ista ta wuce shekaranjiya. Baba ya aiko jikansa da akwatin da fedal in duba, tare da ledar dabino wai na shan ruwa, Allah ya saka da alheri. Saƙon da ya bayar shine tun Jumma'a har Lahadi ba ta yi ko tari ba, sai dai ƙar ƙar ɗin fedal ya ɗan dawo a ƙarshe. Na auna batir yana 8.9V, mafita tana rabi, ba abinda ya motsa, na ƙwanƙwasa akwatin ta ko'ina shiru. Ɓangaren bafa na rufe shi.

Saura fot. Irin wanda fedal ke so 500K ne mai hawa a hankali irin na bolum, mai doguwar sanda da jikin da zai jure taku dubbai, ƙananan nan na rediyo ba za su yi wata biyu ba a ƙarƙashin ƙafa. Na zaga masu kayan lantarki na Wunti ban samu mai wannan girman ba, na tura hoto da awon sandar wa wani abokin sana'a a Jos da wani a Sabon Gari Kano, duk wanda ya fara samu ya ba direba a tasha. Kafin nan na sake fesa wa tsohon magani, na ɗan juya zaman igiyar don ƙafa ta daina sauka daidai kan wurin da ya cinye, hakan zai riƙe shi zuwa bayan Sallah in sha Allahu.